An Katange Daɓen, Allon Taya Bai Tsaya Ba

Ranar da tifa ta juye yashi a bakin daɓen, ɗan ƙanwata ya shigo shagona da la'asar sakaliya, allonsa mai taya a hammata. Ya tsaya gefen injin walda bai ce uffan ba har sai da na ɗage tabarau. Sannan ya ce, "Kawu, sun ruhe muna hili." Ban tambaye shi wane fili ba, domin duk unguwa ta san inda shi da abokansa suke ƙare yammacinsu shekara uku cur.

Wurin tsohon daɓen shanyar shinkafa ne a gefen Birnin Kebbi, bayan wani sito da aka daɗe da daina ajiya a cikinsa. Wanda ya san ƙasar nan ya san irinsa: siminti shimfiɗe, an goge shi ya yi sumul don kada tsakuwa ta shiga shanya. Dattijon da ke da wurin ya ga yara suna gudu a kai da wani katako mai taya huɗu da suke kira siketin, ya kalle su, ya ƙyale su. Sharaɗinsa ɗaya ne, da an kira magariba kowa ya kama hanyar masallaci ko ta gida. A hankali yaran suka kawo bulo suka yi ɗan tudu, ni kuma na haɗa musu dogon ƙarfe mai ƙafa biyu da suke zamewa a kansa. Wurin bai kai irin filayen da ake gani a bidiyon ƙasashen waje ba, masu kwari da gangare, amma a wurinsu shi ne filin siketin na gari, kuma ba su da na biyu. Da Allah ya yi wa dattijon rasuwa, Allah ya jiƙansa, aka raba gado, magada suka sayar, wanda ya saya ya zagaye da katanga zai yi shaguna. Ba a ci haƙƙin kowa ba. Mai abu ya yi iko da abinsa, yaran kuwa ba su da ko takarda guda da ta ambace su.

Damina biyu ke nan da yin haka. Na zuba ido a kan yadda lamarin ya gudana, na kuma bi tarihin wasan tun daga inda aka ƙirƙire shi, domin ina son in gane ko abin da ya same mu sabo ne. Wasan dai bai mutu ba, gwanayensa ma sun ƙara gwaninta. Amma katangar nan ta tankaɗe shi kamar rariya, tsaki ya tsaya a sama, gari ya zube. Garin da ya zube kuwa su ne ƙanana da 'yan koyo, kuma a kansu ne hankalina ya fi tsayawa.

Sai an fahimci allon kafin a gane dalilin da ya sa daɓe ɗaya yake da wannan daraja. Allon taya, wanda yaran ke kira siketin, katako ne mai falle bakwai da aka manne da gam aka matse, faɗinsa wajen inci 8, tsawonsa inci 31 zuwa 32, goshinsa da wutsiyarsa a ɗan tanƙware sama. A bisa an liƙa baƙar takarda mai kaushi irin samfefa don ta riƙe takalmi. A ƙasa akwai ƙafafun ƙarfe biyu, kowace da taya biyu, kowace taya da boris biyu, takwas ke nan. Boris ɗin lamba 608 ne, wanda duk mai gyaran ƙananan injuna ya sani. Wanda ya taso a garuruwanmu zai tuna kurar boris da muke haɗawa da katakon kwali da ƙusa muna tura juna a gangare; to, dangi ɗaya ne. Ba shi da birki, ba shi da sitiyari. Da nauyin jiki ake juya shi, a danna yatsun ƙafa a karkata nan, a danna diddige a karkata can.

Tayar ce ke da magana. Ƙarama ce, milimita 52 zuwa 56, kuma mai tauri. A kan siminti mai sumul gudu take yi kamar an zuba ruwa a gangare, amma tsakuwa guda da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba tana iya tsayar da ita cak, allo ya tsaya, mai allo ya wuce gaba da fuska. Ɗan ƙwallo in an kore shi daga fili sai ya nemi kowane sarari ya kafa duwatsu biyu a matsayin raga. Ɗan kokawa kuwa rairayi ma ya fi masa daɗi. Mai allon taya a gari irin namu, inda yawancin lunguna ƙasa ce da yashi, hunturu kuma yana shimfiɗa ƙura a kan komai, in ya rasa daɓe ɗaya kamar ya rasa duka ne.

Wannan matsala ta girmi yaranmu nesa ba kusa ba. A Kalifoniya ta Amurka aka fara wasan a shekarun 1950, a hannun masu hawan igiyar teku da allo, waɗanda ke neman abin yi ranar da teku ta kwanta. Tayoyin farko na ƙarfe ne, daga baya aka koma wani haɗi mai kama da yumɓu, duka masu saurin kayar da mutum. A farkon shekarun 1970 wani matashi, Frank Nasworthy, ya kawo tayar roba mai ƙarfi da ke kama ƙasa, nan take wasan ya bunƙasa. Sai fari ya afka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, mutane suka bar tafkunan wanka na gidajensu ba ruwa, yara suka riƙa shiga waɗannan kwaruruka na siminti suna hawa bango suna saukowa. 'Yan kasuwa suka hango kuɗi, suka shiga gina filaye masu kwaikwayon tafkunan, ana biya a ƙofa. Cikin 'yan shekaru an gina fiye da ɗari. Daga nan aka fara karaya, tsoron ƙara a kotu ya shigo, kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi, masu shiga suka ragu. Kafin tsakiyar shekarun 1980 an rushe mafi yawansu. 'Yan kaɗan ne suka tsira, irin filin Kona da ke Jacksonville a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1977 kuma har yau ana wasa a cikinsa.

Manya a lokacin sun ɗauka yayi ne ya wuce. Waɗanda suka rage kuwa sai suka kasu biyu. Wasu suka sayi filawud suka gina gangare a bayan gidajen iyayensu, abokai suna zuwa ta ƙofar baya. Wasu suka fita titi, kuma dabara guda ce ta buɗe musu titin, wadda ake kira oli: mutum ya doka wutsiyar allo a ƙasa da ƙafar baya, ya ja ƙafar gaba sama a jikin samfefar, allo ya tashi tare da shi ba tare da ya sa hannu ba. Alan Gelfand, wanda laƙabinsa ya zama sunan dabarar, a jikin bangon fili ya fara yin ta wajen 1978. Rodney Mullen ne ya sauko da ita shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. Tun daga ranar da allo ya iya tsalle daga ƙasa, kowane dakali da kowace matakala da kowane bakin kwata ya zama wurin wasa. A tsakiyar wannan durƙushewa ne ma aka kafa mujallar Thrasher a San Francisco a 1981, ta zama zauren da warwatsattun 'yan wasa ke jin labarin juna. Salon titin nan da rufe filaye ya taimaka wajen haifarwa, yau shi ne ɗaya daga cikin rukuni biyu da ake gasarsu a Olamfik, tun daga gasar Tokyo da aka yi a 2021, inda Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare tana da shekara 13.

Yaranmu ba su san wannan tarihi ba, amma sawunsa suka bi kusan ƙafa da ƙafa. Makonni biyu na farko taruwa kawai suke yi a bakin katangar kamar kajin da aka ɗauke wa akurki. Sai babbansu, wani ɗalibin kwalejin fasaha, ya buɗe musu zaure a WhatsApp da doka ɗaya: duk wanda ya ga siminti mai kyau a ko'ina ya ɗauki hoto ya turo. Kafin wata ya zagayo sun san fatar garin fiye da 'yan kabu-kabu. Sun san barandar shagunan da ba a buɗewa ranar Lahadi, da harabar wani gidan mai da ya daina sayar da mai, da sabuwar kwalta a unguwar da ba a gama tarewa ba, da wani murfin kwalbati mai faɗi da birkilansa ya yi aiki tsakani da Allah. Kowane wuri da lokacinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba suke fita su dawo kafin hantsi. Tsintsiya ta zama kayan aiki na biyu bayan allo. Ba a sa taya a ƙasa sai an share.

Kaya ma sai da suka koyi riƙonsa. Ban taɓa ganin shagon sayar da allo a garin nan ba. Abin da ke hannunsu a cikin gwanjo ya zo, daga Legas ko ta Kwatano, wani lokaci kuma ɗan'uwa ne ya dawo daga karatu ya kawo tsaraba. Kwalta tana cin taya, ƙura tana cin boris, ruwan damina yana ɓamɓare fallayen katako. Suka koyi kwance boris su wanke da kananzir su ɗiga man keken ɗinki. Suka koyi musanya tayoyi gaba da baya don su ƙare tare. Allon da ya karye a wutsiya ba a yar da shi, a yanke a goge ya zama ƙarami. Suka kuma gano da kansu abin da masu wasan a duniya suka daɗe da sani, cewa taya mai laushi, babba kamar milimita 60, tana haye 'yar tsakuwar da ke kayar da mai tauri. Ƙarfen zamiyar nan da na haɗa musu sai suka dawo mini da shi, na yanka shi gida biyu, na sa masa noti mai kwancewa don ya shiga keke napep. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, yanzu hilinmu a kahwaɗa shike."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka koyi magana da manya. Kowane siminti a gari yana da mai shi, kowane mai shi yana da maigadi. Da farko da gudu suke shiga a koro su da gudu. Daga baya babbansu ya riƙa yin gaba shi kaɗai, ya cire hula ya rusuna, ya ce, "Baba, sannu da aiki. Roƙon arziki muka zo, awa guda, mu share wurin mu tahi." Wasu suka yarda, wasu suka ƙi. Waɗanda suka ƙi, kusan dukansu magana ɗaya suke yi: in yaro ya karye a nan, wa za a tambaya? Da na ji haka sai na tuna kamfanonin inshorar Amurka. Tsoro ɗaya ne, can an rubuta shi a takarda, nan yana bakin maigadin da ke tsoron rasa aikinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

A cikin wannan yawo gwanayen suka goge. Daɓe wuri ɗaya ne, kullum fuskarsa ɗaya, in ka iya shi ka iya. Gari kuwa kullum da sabuwar tambaya: nan akwai tsagewa, can akwai gangare, gaba akwai kwata. Ɗan ƙanwata, wanda a daɓe da ƙyar yake tsallake bulo guda, yanzu yana tsallake benci a kwance. Wanda ya ga bidiyonsu a waya zai rantse rufe filin alheri ya zame musu.

Ni da nake ƙirga kawuna ban ga haka ba. A zamanin daɓe, ranar Juma'a da yamma za ka tarar da yara ashirin da wani abu, rabinsu ba su kai shekara goma sha biyu ba. Akwai 'yan mata uku da hijabansu, biyu daga cikinsu uwarsu tana hango su daga ƙofar gida. Alluna ba su wuce bakwai ba, amma kowane allo ƙafa goma ke hawansa, domin in gwani ya gaji ya zauna sai ya miƙa wa ƙaramin da ke tsugune yana jira. Yau su tara ne ko goma, duka samari, kuma shekara guda ke nan ban ga sabuwar fuska ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne in mutum ya zauna ya duba. Ɗan koyo yana buƙatar faɗuwa sau ɗari a wurin da faɗuwa ba za ta kai shi ƙarƙashin mota ba. Oli kaɗai tana cin watanni kafin ta zauna a ƙafa, kuma ba a koyon ta a awa guda ta aro ana waige-waigen maigadi. Ɗan koyo ba shi da allo, sai aro, aro kuwa sai inda ake zama a huta. Ba shi da waya, saboda haka bai san inda za a haɗu gobe ba. In ma ya sani ba shi da kuɗin kabu-kabu. Uwa da za ta bar ɗanta ya je "daɓen Alhaji" ba za ta bar shi ya je "inda aka samu" ba, balle 'yarta. A wannan zamani da muke ciki a Kebbi da Zamfara, inda kowane uba yake son sanin inda ɗansa yake kafin rana ta faɗi, wannan ba tsanani ba ne, hankali ne. Sannan akwai abin da ba a cika lura da shi ba: fili talla ne. Yawancin yaran nan wucewa suka zo yi, aike aka yi musu, suka ga wani abu suka tsaya kallo, gobe suka dawo. Wasan da ba shi da adireshi ba wanda zai yi tuntuɓe da shi.

Titi kuma yana karɓar harajinsa. Raunin da aka fi samu a wasan nan na wuyan hannu ne da idon sawu, domin mai faɗuwa hannu yake tarawa. Wanda ke kisa kuwa bugun kai ne da karo da abin hawa, kuma su biyun a titi suka fi yawa. A daɓe shekara uku ba mu ga abin da ya wuce ƙujewa da targaɗe ba. A titi, wata na biyar, babur ya gitta wa ɗaya daga cikinsu, ya karye a hannu, ya yi wata biyu yana zarya wurin mai ɗori, mahaifinsa ya ƙona allon. Kallon da jama'a ke yi musu ma ya sauya. Da ana cewa yara suna wasa a wurin Alhaji. Yanzu ana haɗa su da masu takalmin taya da ke kama bayan mota a kan babban titi, ana cewa marasa aikin yi. Yaran nan ɗaya ne, tarbiyyarsu ɗaya ce, wurin tsayuwarsu kawai ya sauya.

Mu Hausawa mun taɓa ganin irin wannan tankaɗe, sai dai ba mu sa masa suna ba. Dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934. Bayan na 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 ya dawo. A cikin wannan tsaiko ne ma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Da aka dawo, masunta ba su manta riƙon homa da hawan gora ba, domin kamun kifi yana da wani gida ban da kogin Matan Fada ranar biki. Gulbi yana nan, uba yana fita da ɗansa. Dambe da kokawa ma haka, suna da gwanaye da makaɗa da masu gida, in an hana nan su kafa a can bayan kaka. Amma ina gaɗa? Ina langa da 'yar gala-gala da tashe irin na da? Na san talabijin da waya da sauyin zamani suna da hannu, amma waɗannan wasanni gidansu ɗaya ne, dandali, kuma masu yin su ƙanana ne da 'yan mata waɗanda ba su da ikon tashi su nemi wani. Da aka yanka dandali aka yi fuloti, ba wanda ya ji ƙarar faɗuwarsu. Abin da nake gani a allon taya ke nan, dambensa ya tsira, gaɗarsa tana tafiya.

Mutanen wasu garuruwa sun fuskanci wannan, kuma hanyoyin da suka bi sun bambanta. A Portland ta Amurka, a 1990, wasu samari suka shiga ƙarƙashin gadar Burnside, wurin da ya zama juji da matattarar ɓata-gari, suka fara zuba siminti da kuɗin aljihunsu ba da izinin kowa ba. Da maƙwabta suka ga wurin ya tsabtata, hukumar gari ta amince da shi, yana nan har yau. A Landan, akwai wani sarari a ƙarƙashin ginin Southbank da ake wasa a cikinsa tun shekarun 1970. A 2013 masu ginin suka ce za su mayar da shi shaguna da gidajen abinci, maganarmu sak. 'Yan wasan suka kafa tebur a wurin suna tara sa hannun masu wucewa, dubun dubata suka sa, suka ɗauki lauyoyi, a watan Satumba na 2014 aka rattaba hannu a yarjejeniyar da ta bar musu wurin. A Kitintale ta Kampala, a tsakiyar shekarun 2000, samarin unguwa da hannunsu suka gina nasu. A Addis Ababa sun daɗe suna raba wurin ajiye motoci da direbobi kafin a gina musu fili a 2016. Ko a Legas, inda ƙungiyar WAFFLESNCREAM ta taso tun 2012, shekaru aka yi ana wasa a harabar babban filin wasa na Surulere da kan tituna kafin a sami fili na musamman.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Akra. A watan Disamba na 2021 ƙungiyar Surf Ghana ta buɗe Freedom Skatepark, fili na gaske da aka kashe wa kuɗi, da taimakon manyan kamfanoni da na marigayi Virgil Abloh, shahararren mai tsara tufafi. Ba a yi shekara biyu ba rikicin mallakar ƙasa ya taso a kansa, wasa ya tsaya. Simintinsu ya fi namu sau dubu, amma ciwonsu irin namu ne. Duk kyan abin da aka zuba a sama, ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke da hukunci.

Shi ya sa ba na ba yaranmu shawarar bin hanyar Burnside. A Najeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da aka gina ba izini katafila ce ƙarshensa. Hanyar da ta dace da mu ta bi ta zauren mai unguwa da na hakimi da ofishin shugaban makaranta, kuma ta ƙare a takarda mai sa hannu da shaidu. Muna ma da wata ƙofa da mutanen Landan ba su da ita, wato waƙafi. Da dattijon nan ya ware daɓen ya yi waƙafinsa don amfanin yaran unguwa, da bai shiga rabon gado ba. Muna yin waƙafin rijiya da masallaci da maƙabarta, kuma daidai ne. Wurin da yara za su yi wasa a gaban idon iyayensu, nesa da titi da miyagun abokai, shi ma amfanin jama'a ne mai gudana.

Abin da ake buƙata kuma bai kai yadda ake zato ba. Daɓe mai mita 10 a 15, kaurin santimita 10, kankare ne kubik mita 15, wanda a haɗin ɗaya-biyu-huɗu, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yake cin siminti buhu ɗari ko ƙasa da haka kaɗan. Aikin yana ga gamawa. Da cokalin ƙarfe ake goge fuskarsa, ba da katako ba, a yi ta bi har ya yi ƙyalli. A ba shi ɗan karkata don ruwa ya gangare, a tsaga masa layuka duk bayan mita uku don in zai fashe ya fashe a nan. Sannan ban ruwa, kwana bakwai a ƙalla, a rufe da buhuna masu laima, domin zafin ƙasar nan yana shanye ruwan kankare kafin ya yi ƙarfi, kuma daɓen da ya bushe da wuri garin ƙura yake zama. Irin wannan daɓe ba na masu allo kaɗai ba ne. Da kaka a shanya shinkafa da safe, da yamma a share a yi wasa. A kafa rumfar ɗaurin aure a kai, a sa ƙarfen ƙwallon kwando a gefe. Wurin da mutane da yawa ke ci da shi ya fi wuyar katangewa.

A watan jiya wani shugaban makarantar Islamiyya, wanda ɗansa yana cikin ƙananan da suka daina zuwa, ya yarda a zuba ɗan daɓe mai mita 6 a 8 a kusurwar harabarsa. An rubuta takarda ta shekara biyar a gaban mai unguwa. Sharuɗɗansa uku ne: ba wasa lokacin karatu, Alhamis da yamma ta 'yan mata ce su kaɗai, kuma duk gwanin da ya shigo sai ya ba ɗan koyo aron allonsa rabin awa. Buhu 30 aikin zai ci. Samarin suna karo-karo, kuma na hana su ɗauko simintin su ajiye, domin laimar damina za ta daskarar da shi. A wurin mai shago suke biya yana rubutawa a littafi. Zuwa Juma'ar da ta wuce an rubuta buhu 11. Wani birkila a layinmu ya ce in an tashi zubawa ya ba da yini biyu kyauta, ni kuma ina haɗa ƙaramin ƙarfen zamiya, wanda tsayinsa bai wuce tafin hannu ba, daidai ƙafar 'yan shekara tara. Ƙanwar ɗan ƙanwar tawa, wadda ta fara koyon tsayuwa a allo mako uku kafin a yi katanga, ta leƙo shago shekaranjiya ta tarar ina auna shi. Ta ce, "Kawu, wanga nawa na?" Na ce naku ne, in ruwa ya ɗauke.